Tsohuwar Katafila da Cinikin Biri a Sama

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai a Wudil, a madadin wasu ɗaliban aikin injiniya



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu ilmi da shekaru. Mun sami labari cewa da aka ga kan maganarmu a jikin allon sanarwa wasu sun yi dariya, suka ce me ya haɗa ɗalibin jami'a da tsohuwar katafila? Muna roƙon a ba mu aron kunnuwa na ɗan lokaci. In Allah ya so, kafin mu zauna za a ga abin da ya haɗa mu da ita, har ma a ga cewa in ta mutu muna da kaso a cikin alhakinta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wudil da rani ya dubi kogi, ya ga tifofi suna gangarawa ba kaya, suna hawowa ɗauke da yashi, suna nufar birnin Kano. Da wannan yashi ake buga bulo, a zuba dakali, a gina makarantu da asibitoci. Wani yashin samari ke loda shi da shebur, wani kuwa injin haƙa ke loda shi, watau wanda kanikawa ke kira eskabeta. Mutanen gari ba ruwansu da bambancin suna. Duk wani inji mai tafiya a kan sarƙa katafila suke ce masa, ko wa ya ƙera shi, domin na kamfanin Caterpillar na Amurka suka fara sani.

A zangon karatun da ya wuce, mu biyar muka gangara bakin kogin domin wani aikin awo da malaminmu ya ba mu. Can muka tarar da wata eskabeta a tsaye, ta kifa bokitinta a ƙasa, ciyawa ta tsiro ta tsakanin sarƙarta, awaki suna hutawa a inuwarta. Mai ita wani dattijo ne, muka same shi zaune kusa da ita a kan tabarma. Bayan gaisuwa muka tambaye shi abin da ya same ta. Ya ce babban famfonta ne ya mutu tun kafin faɗuwar damina. Ya zagaya kasuwar kayan gyara a Kano bai samu ba, ya aika Legas aka yi ta yi masa yau da gobe. Daga nan wani ɗansa ya duba a intanet, ya ga hoton famfo mai kama da nasu sak, kuɗinsa kuma da sauƙi. Suka sayar da shanu biyu, suka cika da rance, suka tura. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki kaya suka iso, famfo sabo fil, amma da makaniki ya zo ɗaurawa sai haƙoran sandarsa suka ƙi shiga mazauninsu. Ga famfo a ɗaki cikin akwatinsa, ga inji a bakin kogi, ga masu bin bashi.

Muka ce, "Baba, wace lamba kuka aika wa mai sayarwar?" Ya nuna mana manyan baƙaƙen da ke rubuce a gefen injin, ya ce ai ga sunanta nan kowa na gani. Ɗaya daga cikinmu ya durƙusa gindin ɗakin direba, ya goge wani ɗan farantin ƙarfe da tsumma, sai ga lambar jikin injin ta fito raɗau daga ƙarƙashin baƙin mai. Shekara da shekaru tana nan, ba wanda ya karanta ta. Dattijon ya dube mu ya ce, "To ku samari, in ba irin wannan ake koya muku a makarantar taku ba, me ake koya muku?" Ba mu sami amsar da za mu ba shi ba a ranar. Wannan jawabi shi ne amsar da muka yi ta nema tun daga lokacin.

'Yan'uwa, kada a ɗauka hasarar ta mutum ɗaya ce. Ranar da eskabeta ta tsaya, direbanta ya tsaya, yaronsa ya tsaya, masu tifa sun rage sawu, mai buga bulo ya ƙara kuɗi, mai tallar abinci a bakin kogi ta koma gida da tukunyarta. Kuma aikin injin haƙa a wannan yanki ya wuce lodin yashi nesa. Kogin nan namu, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, shi ne ke wucewa Ringim da Haɗejiya. A can ƙasa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, in damina ta yi ƙarfi sai ruwa ya rasa mafita ya bi gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a Jihar Jigawa a 2022. Da injin haƙa ake yashe irin waɗannan hanyoyi, da shi ake ɗaga jinga. Haka kuma madatsun ruwan da muke taƙama da su na ƙasa ne, kuma ƙasa tana bukatar kulawa kullum. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri. Saboda haka injin da ya kwanta da damina yana iya zama sanadin hasarar da ta fi kuɗinsa.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a sayi sabo a huta ba? Amsar tana cikin tarihin kuɗinmu. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, Jihar Kano ta sayi manyan injina ta gina madatsun ruwa da ma'aikatanta, har aka gama ta Tiga a 1974. A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 55 take. Da farashin man fetur ya faɗi, Gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya zama sai da lasin mai wuyar samu, injina suka fara kwanciya saboda rashin kayan gyara. A 1986 aka kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira. Tun daga nan 'yan kwangilarmu suka koma sayen na hannu, waɗanda suka gama aiki a Japan ko Turai aka yi gwanjonsu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya sake ta ga kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Watau kayan gyara na dala 1,000 da ake lissafinsa naira 460,000 ya koma fiye da naira miliyan ɗaya da rabi cikin shekara guda. Wanda sayen famfo ya sa shi sayar da shanu, ina zai ga kuɗin sabon inji? Tsofaffin nan su ne abin da muke da shi, kuma da su za mu yi aiki har zuwa wani lokaci.

Kuma tsufansu ba aibu ne kaɗai ba. Caterpillar ya fitar da injin haƙansa na farko mai aiki da matsin mai, samfurin 225, a 1972, sa'an nan samfurin 320 da ya cika ƙasar nan ya fito a 1992. Waɗannan da takwarorinsu irin su Komatsu PC200 da Hitachi EX200 na shekarun 1990, injinansu ba su dogara ga kwamfuta kamar na yanzu ba. Makanikin da ya ƙware yana iya sauke su ya ɗaure a gindin bishiya, kuma sun fi jure wa ƙura da man gas maras tsabta. Abin da ke kashe su shi ne rashin ɗan abin da ya lalace a cikinsu.

A da, mai neman kayan gyara hanyoyinsa ƙidayayyu ne. Ko ya je wurin dillalin kamfani, kamar Mantrac mai wakiltar Caterpillar a Nijeriya, ko ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko ya aika Nnewi. In duk babu, sai ya jira wani injin ya mutu a yi watandarsa. Yanzu kuwa an sami kasuwar da ba ta da rumfa. Mutum yana zaune a Wudil da waya a hannu, sai ya leƙa shagunan Guangzhou da Jining a ƙasar Sin ta shafin Alibaba, ya ga wuraren da ake farfasa tsofaffin injina a Sharja da Holan da Ingila, ya duba abin da 'yan kasuwar Legas suka kasa a Jiji. Shi kansa Caterpillar yana da shafin da ake duba kayansa da lambobinsu. Haƙiƙa wannan ci gaba ne wanda iyayenmu ba su yi mafarkinsa ba. Amma fa kowa ya san abin da Bahaushe ya ce game da cinikin biri a sama. A Ƙofar Ruwa kana zuwa da mataccen ƙarfenka a buhu, ka aza shi kusa da wanda za ka saya, ka ƙidaya haƙora, ka gwada ramukan noti, in bai yi ba gobe ka mayar. A intanet ba abin da ke tsakaninka da mai kaya sai hoto da rubutu. Wanda bai iya karanta rubutun ba, hoto zai saya.

To, mene ne ilmin da ake bukata? Mun tattara shi gida huɗu, daga abin da muka karanta da abin da kanikawa suka koya mana.

Na farko, sanin ainihin injin. Sunan da ke rubuce a gefe sunan zuriya ne kawai. Komatsu PC200 ta fito kashi-kashi, ana bambanta su da lambar da ke bin sunan, kamar 5 da 6 da 7 da 8, kuma ko a cikin kashi na 6 akwai masu injin 6D95 akwai masu 6D102, waɗanda fistin ɗin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Caterpillar 320 an ƙera ta a Akashi ta Japan, an kuma ƙera ta a Gosselies ta Beljiyam, kuma ba duk kayan cikinsu suka zo ɗaya ba. Abin da ke raba gardama shi ne lambar da ke kan farantin ƙarfe. A tsofaffin Caterpillar gurbi uku ne a gaba, na baƙaƙe ko baƙaƙe haɗe da lamba, lambobi biyar suna biye, daga wajen 2001 kuwa aka koma mai gurbi 17. Injin da ke ba da ƙarfi yana da nasa farantin dabam, famfo ma yana da nasa. Tilas ne a duba kowanne, domin injin da ya shekara 25 yana yawo daga hannu zuwa hannu, mai yiwuwa an taɓa canja masa zuciya tun kafin ya hau jirgin ruwa.

Na biyu, sanin lambar abin da ake nema. Kowane inji yana da littafin kayan gyara, inda aka zana shi gunduwa-gunduwa, kowane noti da lambarsa. Misali, 1R-0750 lambar wani matacin man gas ce ta Caterpillar, duk inda ka rubuta ta a duniya an san abin da kake nufi. Yawancin littattafan nan sun ɓace tun a hannun mai shi na farko, amma ana samun kwafensu a intanet. A lura kuma, kamfani yakan soke tsohuwar lamba ya maye ta da sabuwa, saboda haka in an ce babu, a tambaya ko lambar ce ta canja.

Na uku, sanin wanda ya ƙera abin tun asali. Kamfanonin injin haƙa ba su ke yin kome da kome ba. Injin 3066 da ke cikin Caterpillar 320B da 320C da yawa aikin Mitsubishi ne. Hitachi EX200 da injin Isuzu take tafiya. Komatsu 6D102 ɗan'uwan Cummins 6BT ne, wanda ke cikin manyan motoci da janareto birjik. Famfon Kawasaki mai lamba K3V112 yana cikin Kobelco SK200 da Hyundai R210 da Volvo EC210 da wasu na Daewoo, ko da yake abin da ke daidaita ƙarfinsa yakan bambanta daga inji zuwa inji. Wanda ya san wannan ƙofofi da yawa sun buɗe masa, har wani lokaci abin da yake nema a Sin yana nan a Kano ƙarƙashin wani suna. Haka kuma kamfanoni suna mutuwa suna canja hannu. Poclain na Faransa, Case na Amurka ya haɗiye shi a shekarun 1980. Volvo ya sayi sashen injinan gini na Samsung a 1998. Daewoo ya koma Doosan a 2005, a 2023 kuma sunan ya zama Develon. Mai tsohuwar Daewoo da bai san magadanta ba zai ɗauka marainiya ce.

Na huɗu, sanin darajar kaya. Akwai na kamfani sabo, shi ya fi tsada ya kuma fi aminci. Akwai wanda kamfani ya karɓi tsoho ya sabunta, kamar yadda Caterpillar ke yi tun 1973. Akwai na masu ƙira da suka yi suna, kamar Berco da ITR na Italiya wajen sarƙa da rola. Akwai na hannu da aka cire daga wani injin. Sa'an nan akwai jabu, mai sanye da rigar na kamfani har da kwalinsa. Ba mu ce duk kayan Sin jabu ne ba, can ma akwai mai kyau akwai na banza, kowa da kuɗinsa. Hikimar ita ce a san inda za a yi tsimi da inda ba a yi. Haƙoran bokiti ko gilashin ɗakin direba, in an sayi mai araha ya lalace, shi kaɗai aka yi hasara. Amma man da ke motsa hannun eskabeta yana gudu da matsin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau 100. Matacin mai na jabu yana barin ƙasa ta wuce, ƙasa ta ci famfo, garin ƙarfen famfon ya bi tiyo ya shiga kowace silinda. An yi tsimin 'yan dubbai, an jawo gyaran miliyoyi. A nan ne araha ba ta ado.

Bayan ilmin ƙarfe sai ilmin ciniki. Kafin a tura ko kwabo, a aika wa mai kaya hoton farantin da hoton mataccen abin ta kowace fuska, da awonsa, da adadin haƙoransa. A nemi shi ma ya aiko hoton ainihin abin da zai saka a akwati, da lambarsa a fili, ya kuma rubuta cewa ya dace da inji mai lamba kaza. A biya ta cikin shafin, inda akwai tsarin kai ƙara da neman a mayar da kuɗi. Duk wanda ya ce a bar shafi a tura masa ta asusun wani mutum domin ya yi ragi, a guje shi. A fara jarraba sabon mai kaya da ƙaramin abu. Sa'an nan a yi lissafi har ƙarshe, domin farashin da ke kan waya somin taɓi ne. Babban famfo ya haura kilo 100, in ta jirgin sama zai zo filin Malam Aminu Kano kuɗin awonsa ba kaɗan ba ne, in ta ruwa ne kuwa sai a ba shi wata ɗaya zuwa biyu kafin a fara maganar fitar da shi daga Apapa. Ga kuɗin kwastan, ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 da ake karɓa tun 2020, ga ladan ejan, ga kuɗin mota zuwa Arewa. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023 domin a riƙa sauke kaya a nan Kano, sai dai mai sayen famfo guda ba shi da kwantena, dole ya bi ta hannun masu haɗa kayan jama'a. A kan duk wannan a ɗora abin da injin zai samo a kwanakin da yake zaune. In an haɗa, sau da yawa za a ga na kusa mai tsada ya fi na nesa mai araha sauƙi.

Yanzu bari mu juyo gare ku, yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunku gobe. Wanda ya zagaya farfajiyar ma'aikatun ayyuka da na ƙananan hukumomi a ƙasar nan zai ga gireda da buldoza da eskabeta a jere, tayoyi sun sace, fenti ya koɗe, ƙadangaru sun yi gida. In an bincika, da yawansu abin da ya kwantar da su bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsu ba. Amma fayil ɗin gyara yakan yi wata da watanni yana yawo daga tebur zuwa tebur, kafin ya dawo an kwance batir, an zare kik, an cire injekta an sa wa wani. Daga nan sai a rubuta cewa gyaransa ya fi ƙarfin amfaninsa, a yi gwanjonsa da kuɗin ƙarfe, a nemi kasafin sabo. Wani lokaci wanda ya saye shi a gwanjo, wata uku ya tashe shi, har ya dawo yana ba Gwamnatin hayarsa. Kowa a zauren nan ya san dalilin da ya sa sayen sabo ya fi gyaran tsoho farin jini a wasu ofisoshi, ba sai mun faɗa ba.

A nan intanet ta ba ƙaramin ma'aikaci makamin da na da bai samu ba. A da in ɗan kwangila ya kawo takardar farashi, ba yadda za a yi sitokifa ko akanta ya san gaskiyarta. Yau cikin rabin sa'a zai iya duba lambar a wurare uku ko huɗu, ya ƙara kuɗin dako da na kwastan da ribar da ta dace, ya ga ko an ninka. Dokar sayen kayan Gwamnati ta 2007 ta nemi a yi gasa a fili, a kuma sami abin da ya dace da kuɗin da aka kashe. Ma'aikacin da ya maƙala wannan bincike a cikin fayil bai zagi kowa ba, bai yi tawaye ba, aikinsa kawai ya yi. Muna roƙonku kuma ku raya al'adar da ta mutu, watau kowane inji ya kasance da littafinsa, a rubuta lambobinsa, da sa'o'in da ya yi aiki, da ranar da aka juye mai, da abin da aka canja. Littafi ɗaya na 'yan nairori yana iya ƙara wa inji shekaru.

Mu ɗalibai kuma ga namu. Jami'ar nan an kafa ta a Wudil domin kimiyya da fasaha, tun 2022 kuma take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Tsakanin azuzuwanmu da bakin kogi tafiyar 'yan mintoci ce, amma kamar ƙasa biyu ne. Makaniki ya san inji da hannunsa da kunnensa, in ya ji ƙararsa ya san ciwonsa, sai dai littafin Turanci ya gagare shi. Mu mun iya karanta littafin, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe sufana ba. Kowannenmu rabin mutum ne in babu ɗaya. Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. A kafa ƙaramin kwamiti na masu sa kai da zai zagaya Wudil da Gaya da Garko da Warawa, da izinin masu injina, ya ɗauki hoton kowane faranti, a tara a rajista ɗaya tare da littafin kowane samfuri. Sa'an nan a ware rana ɗaya a mako da mai inji ko makaniki zai iya zuwa a taya shi duba lamba da rubuta wasiƙa, ba tare da an taɓa kuɗinsa ba. Daga ƙarshe, in rajista ta nuna mutum biyar suna da inji iri ɗaya, a haɗa su, su riƙa yin oda tare, dako ya yi sauƙi, su kuma ajiye ƙananan abubuwan da suka fi saurin lalacewa kafin damina.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ƙwarewa wajen saye, komai kyanta, saye ce dai, kuma da dala ake yin ta. An ƙulla kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajakuta a 1979, har yau ba a narka tama a babbar tanderunsa ba, shi ya sa ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 take aikawa ƙetare neman fil da bushi. Ba mu ce gobe za mu ƙera famfo a Wudil ba, wannan aiki ne mai son awon da ya fi silin gashi siranta. Amma fil da bushin hannun eskabeta ana iya fiƙe su a injin fiƙa, in an san irin ƙarfen da yadda ake ƙona shi ya yi tauri. Ana matse tiyo a Kano, ana yi wa bokiti walda, ana sake wa silinda roba. Mutanen Nnewi da sayar da kayan gyara suka fara, daga baya suka kafa masana'antun yin su. Rajistar da muka ambata ita za ta nuna mana abin da ya fi lalacewa, daga nan ɗalibin shekarar ƙarshe ya sami aikin binciken da zai amfani wani, maimakon wanda zai kwanta a kanta ƙura ta rufe shi. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.

Kafin mu zauna, wataƙila za ku so jin ƙarshen labarin dattijon nan. Da lambar da muka karanta muka nemo littafin injinsa, muka gano famfon da ya dace, muka kuma gano irin injin da wancan na ɗaki yake shiga. Yanzu ana cigiyar mai irinsa da zai saya, ko da da ragi ne, domin a haɗa kuɗin na gaskiya. Har ranar da muka rubuta wannan jawabi eskabetar tana nan inda muka bar ta, damina kuma tana tafe. Wanda ke son ya sa hannu a kwamitin da muka ambata, takarda tana nan a bakin ƙofa, ya rubuta sunansa da sashensa. Ranar Asabar da safe za mu koma bakin kogi, kowa ya zo da tsumma da littafin rubutu.